Fatawa: Sayen tsohon babur a hannun magadan da ba su san darajarsa ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sayar da kayan gyaran babur a Dilimi, nan Jos. A gefe kuma ina sayen tsofaffin babura irin su Vespa da Honda Benly, in gyara, in kai wa masu sha'awar ajiye su a Abuja. Kwanan nan aka kira ni wani gida a Bukuru. Maigidan ya rasu ya bar babur BSA ƙirar Ingila, wanda shi ma ya gada daga mahaifinsa, tsohon ma'aikacin kamfanin kuza. Matarsa ta so ta ba 'yan bola su auna a kilo. Da na je sai ta ce mini, "Kai ka san kan abin, ka ba mu abin da ya dace." Cikin magadan akwai yara ƙanana. Na san in na kai shi Abuja zai yi kuɗi sosai. Shin ya halatta in ɗan ƙara mata a kan farashin bola in yi shiru? Wani abokina kuma ya ce sana'ar gaba ɗaya taimaka wa almubazzaranci ce. Sannan yaya zakkar waɗanda na ajiye ina jiran mai saye?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa neman ka albarka, ɗan'uwa, da ka tambaya tun kuɗi bai shiga hannu ba.

Asalin ciniki halal ne, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 275. Babur abu ne mai tsarki, mai amfani, ana iya mallakarsa a miƙa shi, don haka sayar da shi ya inganta ko da ya tsufa. Tsadarsa kuwa daga ƙarancinsa take. Kamfanin Vincent na Ingila bai ƙera samfurin Black Lightning fiye da talatin da 'yan kai ba, shi ya sa a Janairun 2018 aka sayar da guda ɗaya ƙirar 1951 a gwanjon Bonhams a Las Vegas ta Amurka kan dala 929,000. Honda Super Cub kuwa tun 1958 ake yin sa, an ƙera fiye da miliyan 100, tsufansa kaɗai ba ya mai da shi dukiya. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba muddin da yardar ɓangarorin biyu. Almubazzaranci kuma ana duba shi ne ga halin mai sayen: wanda bashi ya yi wa katutu, ko iyalinsa ke cikin ƙunci, ya ɗauki miliyoyi ya zuba a babur na ado, ya faɗa cikin tozartar da dukiya da hadisin Mugira ɗan Shu'uba a Buhari da Muslim ya ce Allah ya ƙi. Mawadacin da ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa ba za mu haramta masa ba, ko da yake ni a ganina akwai inda kuɗin ya fi buƙatar zuwa. Ba a ɗora maka binciken aljihun kowane mai saye ba.

Maganar gidan Bukuru ita ce mai nauyi, kuma amsarta: bai halatta ba.

Wataƙila ka ji ana cewa a mazhabar Malikiyya ba a warware ciniki don kawai wani ya yi asara a farashi. Haka ne, Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa ba a mayar da ciniki saboda gabnu, wato faɗuwa a farashi, ko da ya wuce abin da aka saba. Malamai har misali suke bayarwa da wanda ya sayar da dutse da sunan dutse, sai ya zamana yaƙutu ne: cinikin ya zauna, domin shi ya yi sakaci bai bincika ba. Da a ce wani baligi mai hankali ne ya kawo babur ɗinsa Dilimi, ya yanka farashi da bakinsa, kuka daidaita, da alƙali ba zai ƙwace shi daga hannunka ba. To amma wannan hukunci yana da togaciya, kuma mas'alarka ta faɗa cikinsu har ta fuska uku.

Matar nan ta bayyana maka ba ta san farashi ba, ta jingina da saninka. Wannan shi malamai ke kira mustarsili, wanda ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa. Daga lokacin da ta ce ka ba su abin da ya dace, ka tashi daga mai taya kaya ka koma amintacce, kuma duk farashin da ka faɗa shaida ce kake bayarwa cewa haka abin yake a kasuwa. In ka faɗi na bola alhali ka san na gaskiya, ƙarya ka yi, tana da haƙƙin warware cinikin ranar da ta gane.

Sai batun suna. Malaman da suka zartar da cinikin dutsen nan sun ce in an kira abin da sunan da ba nasa ba, kamar a ce ga gilashi alhali yaƙutu ne, to ana mayarwa babu saɓani. Wanda ya dubi babur cikakke da injinsa ya ce "ai wannan ƙarfen kilo ne" ya yi kusa ƙwarai da wannan sura.

Na ukun ya fi su tsanani. Babur ɗin ba nata ba ne ita kaɗai. Tunda mamacin ya bar 'ya'ya, rabonta tumuni ne, ɗaya cikin takwas, sauran na magada ne, kuma akwai marayu. Ko wasiyyin da aka ɗora wa kula da dukiyarsu ba shi da ikon sayar da ita da faɗuwa mai muni, in ya yi ana warwarewa. Ayar Suratun Nisa'i ta 10 a kan masu cin dukiyar marayu da zalunci ba ta ware wanda ya ci ta hanyar ciniki ba.

Abin da za ka yi shi ne ka gaya musu gaskiya, cewa akwai masu neman irinsa kuma ya fi ƙarfin bola nesa ba kusa ba. A tara magada baligai da mai kula da marayun. Ko dai ka saya a farashin da wani masanin ban da kai zai yarda da shi, bayan an cire kuɗin gyara da ɗawainiya da ribarka, ko ka tsaya a dillali su ba ka la'ada da aka ambata tun farko. Na biyun ya fi maka aminci, tunda kai ma ba ka da tabbacin nawa zai yi: BSA iri-iri ne, Bantam da aka yi da yawa daga 1948 zuwa 1971 bai kama ƙafar Gold Star ba a wajen masu tarawa. An ruwaito cewa Jariru ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, an sayo masa doki kan dirhami 300, shi da kansa ya yi ta ƙara wa mai dokin har 800, ya ce ya yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha.

Ranar da ka tashi sayarwa kuma hukuncin yana juyowa kanka. Masu tara babura suna biyan kuɗi ne a kan asali: lambar inji da ta firam su dace da na kamfani, tanki da fitila su zama na ainihi. In ka sa kayan kwaikwayo ko injin wani, dole ka faɗa. Goge lamba a buga wata algus ne tsantsa, hadisin Muslim kuwa ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Gwanjo halal ne, amma sa abokinka ya riƙa ɗaga farashi ba da nufin saye ba shi ne najashu, wanda hadisin Ibnu Umar a Muwaɗɗa ya hana.

Zakka kuwa tana bin niyyar da aka sayi abu da ita. Babur na hawa ko na ado babu zakka a kansa, kamar dokin mutum da hadisin Abu Huraira ya cire. Wanda aka saya don kasuwanci, Malikiyya sun raba: mai juya kaya kullum yana ƙiyasta su duk shekara, mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta yi kyau kuwa sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da kayan sun shekara biyar a wurinsa. Kai shagonka na juyawa ne. In kayan shagon sun fi baburan ajiyar daraja, ka haɗa duka ka ƙiyasta a watan zakkarka, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in sun kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare. In baburan ne suka fi yawa ko suka yi daidai, kowanne ya bi hukuncinsa. Su kuwa magadan, gado ba ya zama kayan kasuwanci, don haka in sun sayar, kowa zai fara ƙirga shekara ne daga ranar da rabonsa ya shiga hannunsa.

Wallahu a'alam.