Tambaya da Amsa: GTI ɗina ta fi Golf ta haya jijjiga, ko an cuce ni ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya zafi. Na sayi Golf 7 GTI 'yar Kwatano wata biyu da sunka wuce, wallahi in ka taka totur sai bayanka ya manne da kujera, amma wagga mota tauri gare ta, duk ramin da na faɗa a Mabera sai na ji shi har haƙori, Golf 3 ta haya ma ta fi ta laushi. Makanikena ya ce a cire shokozoba a sa mai laushi. Kuma na ga bidiyo wai GTI ta kafa tarihi a filin tsere na Jamus, abokaina sun matsa mu hau hanyar Bodinga mu ga iya gudunta. Mi kaka gani? Daga wani makaranci, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri ya tsare. Ba a cuce ka ba, kuma don Allah kar ka bari a taɓa shokozobar nan sai in an duba an ga tana yoyon mai. Taurin da kake ji da gangan kamfanin Volkswagen ya yi shi, sun sauke GTI ƙasa da milimita 15 a kan Golf ta gama-gari suka sa mata sifirin mai tauri, don in ta shiga kwana da gudu kar jikinta ya kwanta gefe guda. Haka jininta yake tun ta farko da ta fito a 1976, 'yar ƙarama mai doki 110 da nauyinta bai wuce kilo 810 ba. Taka tana da doki 220 ko 230, inji lita 2 mai turbo.

Abin da matasanmu ba su gane ba shine wannan mota ba a miƙaƙƙen titi take nuna kanta ba, a miƙe ai kowace mai babban inji za ta iya, gwanintarta tana cikin kwana. Mota ce mai jan gaba, tayoyin gaba su ke ja su ke juyawa kuma su ke ɗauke da nauyin inji, to in ka shigo kwana da wuta ka ci gaba da taka totur sai ka murɗa sitiyari amma hancin motar ya ƙi bi, ta miƙe da kai waje. Na taɓa jin haka da hannuna a wani fili da ba kowa, sitiyari ya yi sakwaf kamar ba a haɗe yake da komai ba, taya na kuka, sai da na ɗan sassauta ƙafa sannan hancin ya dawo hanya. Don maganin wannan ne kwamfutar motar kan ɗan matse birkin tayar da ke cikin kwana, mai doki 230 samfurin Performance kuma an ƙara mata wata na'ura da suke kira VAQ mai tura ƙarfi ga tayar waje, ita ce ke jawo motar cikin kwana kamar an ɗaura mata igiya. Ka sa mata shokozoba mai laushi, ka kashe abin da ka biya kuɗi dominsa kenan.

Bidiyon da ka gani gaskiya ne. Filin sunansa Nürburgring, zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 20, a 2016 GTI Clubsport S ta zagaye shi a minti 7 da sakan 49. Amma fa ba irin taka ba ce, doki 310 gare ta, an cire kujerun baya don rage nauyi, guda 400 kawai aka ƙera. A 2017 Honda Civic Type R ta zo ta karya tarihin da minti 7 da sakan 43.8, a 2019 Renault Mégane Trophy-R ta yi minti 7 da sakan 40.1. Duk waɗannan ƙwararrun direbobi ne da hular kwano, a rufaffen fili, babu raƙumi babu jaki babu mai babur da zai ɓullo daga gona da buhun albasa a baya. Hanyar Bodinga kuwa duk akwai su, ga tirela ga 'yan makaranta. Ina roƙonka ka ce wa abokan nan a'a, ko a babban titi mai hannu biyu dokar 'yan Road Safety kilomita 100 ce ga ƙaramar mota.

Ga kuma zafinmu, a watan Afrilu da muke haura digiri 40 iskar da turbo ke shaƙa zafi gare ta, sai kwamfuta ta rage ƙarfi don kare injin, haka ma in fetur bai kai lambar inganci (octane) 95 da take so ba. Man birki shi ma yana shan ruwa a hankali, in ya tsufa ka yi ta taka birki da ƙarfi sai ya tafasa ka ji ƙafarka ta nutse kamar ka taka soso, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. In mai giyar atomatik ta DSG ce, a canza man giya duk kilomita 60,000, kuma ka riƙa duba filtar iska saboda ƙurar hunturu.

Maganar jijjiga kuma, sunkuya ka karanta gefen tayarka. In ka ga 225/40 R18 to kaurin robar milimita 90 ne kacal tsakanin wili da rami, shi ya sa za ka ga gefen taya ya fito da ƙulu kamar ƙwai. Ka nemi wili mai inci 17 da taya 225/45, da ma kamfanin na fitar da ita da su, za ka ji sauƙi sosai a Mabera kuma kwananta na nan. Sabuwar taya za ka saya ba 'yar gwanjo ba, ka duba lambobi huɗu na gefe, biyun ƙarshe su ne shekarar da aka yi ta.