Tambaya da Amsa: Jinyar Masu Taɓin Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin karkara a jihar Jigawa. Akan kawo mana mutum yana fizge-fizge da sambatu, 'yan'uwansa su ce haukacewa ya yi ko iska ta shige shi, ga shi likita ba kullum yake nan ba. Ta ina zan fara?

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Ki fara da jikinsa kafin ki kai ga ƙwaƙwalwarsa. Tambayar farko ga wanda ya kawo shi ita ce: yaushe abin ya fara? Idan aka ce shekaranjiya lafiya lau ya je gona ya dawo, jiya da daddare kawai ya birkice, to ki fi zargin wani ciwo ne a jiki ya ruɗa shi. Taɓin hankali na ainihi yakan ɗauki makonni yana sanɗa: mutum ya janye daga jama'a, ya daina wanka, barci ya ƙaurace masa, ya fara zargin ana zuba masa wani abu a abinci.

Sai ki gwada shi da kanki. Ki tambaye shi ina yake, safiya ce ko yamma, wane ne wannan da ke tsaye kusa da shi. Mai taɓin hankali sau da yawa zai amsa daidai, ko da yana jin muryoyin da babu su. Wanda ciwo ya gigita ba ya gane wuri ko lokaci, yanzu ya farfaɗo anjima ya sake ɓacewa, abin ya fi tsananta da dare, kuma yakan riƙa ganin ƙwari ko macizai yana kakkaɓe zanin gado.

Kada ki bar shi sai kin auna zafin jiki, bugun jini, hawan jini, numfashi da sukari, kin kuma yi gwajin maleriya. Zafin jikin da ya kai digiri 38 tare da ruɗewa, ki tuna da maleriyar da ta hau kai, taifot, da sanƙarau, musamman a watannin zafi; ki tallafo ƙeyarsa ki ga ko wuya zai lanƙwasu. Sukarin da ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo kaɗai ya isa ya sa dattijo zage-zage, kuma ruwan sukari zai dawo da shi in yana iya haɗiya. Ki laluba kansa ko akwai rauni, ki tambayi batun giya da ƙwayoyi a keɓe, ba a gaban mahaifinsa ba. Mai jego kuwa, in ta rikice cikin mako biyun farko, a fara da hawan jini da zazzaɓi, sannan kada a bar ta ita kaɗai da jariri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a danna masa allurar diazepam ko chlorpromazine, masu sa barci, don a samu sakat. Ɗaki zai yi tsit, amma sanƙarau na nan yana aikinsa, ga numfashi ya ragu, ga hawan jini ya faɗi ƙasa, kuma kin rasa alamar da za ki bibiyi halinsa da ita. Kafin allura, a rage taron 'yan kallo, mutum ɗaya ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, ki tsaya nesa da inda hannunsa zai kai, ƙofa tana bayanki, a kawar da almakashi da kwalabe. A kati ki rubuta abin da idonki ya gani: "bai gane matarsa ba, ƙarfe biyun dare". Wannan ya fi amfani ga likitan da zai karɓe shi fiye da "yana hauka".

Ɗana mai shekara 22 an ɗora shi a kan haloperidol, maganin taɓin hankali. Kwana uku da farawa wuyansa ya murɗe gefe, idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito. Maƙwabta sun ce a dakatar da maganin a koma ruƙiyya.

Baba, ka kwantar da hankalinka. Wannan sananniyar illar maganin ce, ta fi kama samari, kuma a kwanakin farko take zuwa. Ka mayar da shi asibiti yau. Akan yi allurar promethazine ko makamanciyarta, galibi cikin rabin awa jijiyoyin su saki, sannan likita ya rage yawan maganin ko ya haɗa masa da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane. Ita Artane ɗin ka riƙe ta a hannunka kana ba shi, don matasa na shanta don maye. Addu'a ba ta hana shan magani, amma yanke maganin gaba ɗaya zai dawo da ciwon.

Abu biyu ne ba a jira da su. In ya fara shaƙewa ko haɗiya ta gagara, a garzaya nan take. Haka in jiki duka ya sandare kamar itace, ga zazzaɓi mai zafi, ga gumi, ga ruɗewa: wannan ba ta da yawa amma tana kisa, kada a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gan shi.

Ga ma'aikatan jinya da ke karantawa: mara lafiyan da ya kasa zama wuri ɗaya bayan fara irin wannan magani, yana ta kai-komo yana cewa ƙafafunsa ba sa barinsa ya huta, ba lallai ciwonsa ne ya tashi ba, yana iya zama illar maganin ce. In aka ƙara masa magani, abin ƙaruwa zai yi.

Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Ina jin nauyin tambayar mai ciwon damuwa ko yana tunanin kashe kansa, kada in cusa masa ra'ayin.

Tambaya ba ta cusa ra'ayin, ƙanwata. Ki bi ta a hankali: "Kakan ji rayuwa ta ishe ka?" In ya ce e, ki ci gaba: ya taɓa tunanin yadda zai yi? Yana da abin a gida, kamar fiya-fiya ko igiya? Ya taɓa gwadawa? Wanda ke da tsari da kayan aiki, ba a barinsa shi kaɗai ko a banɗaki, kuma a sanar da likita a lokacin.

Ki yi hattara da wanda ya kwana biyu a ƙuntace sai kwatsam ya washe, yana rabar da kayansa yana neman gafarar mutane. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya kama, kuma ƙarfin jiki na iya riga farin ciki dawowa. In amitriptyline yake sha, a ba shi na mako guda kawai a hannun wani ɗan'uwa, don yawansa a lokaci ɗaya yana tsayar da zuciya. Bayan kin ba shi ƙwaya, ki tabbatar ya haɗiye, wasu a kunci suke ɓoyewa su tara.

Ya halatta a ɗaure mara lafiya?

Sai in yana dab da ji wa kansa ko wani rauni kuma lallashi ya gaza. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin kariya daga wulaƙanci, don haka mari da sarƙa ba jinya ba ne. In ta kama dole, da ƙyalle mai laushi ake yi, a kwantar da shi rigingine, ba rub-da-ciki ba, don kifa mutum a danne bayansa yana toshe numfashi. Duk minti 15 a duba numfashi da ɗumin yatsu, a ba shi ruwa, a rubuta lokacin da aka ɗaure da dalili, a kwance shi da zarar ya lafa.