Wa Ya Rage a Cikin Ginin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ce jami'ar kula da ma'aikata a wani kamfani mai hawa huɗu. Ma'aikatanmu sun kai ɗari uku, ban da 'yan kwangila da baƙi. Duk ranar atisayen gobara sai mu fito da takardar sunaye muna kira ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu gama an ci minti ashirin, kuma ba mu taɓa tashi ba a rasa mutum biyar ko shida ba, daga baya a gano wannan yana hutu, wancan ya fita aike. Yanzu an kawo mana tallar wata na'ura, an ce da ƙararrawa ta buga za ta nuna mana a waya wa ya fito, wa ya rage. Shugabanmu ya ce in an saka ta an daina kiran suna, an kuma daina sa mutane zagaya hawa. Hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. In kuna da hali ku sayi na'urar, za ta rage muku wahala ƙwarai. Maganar shugabanku ta biyu ce ban yarda da ita ba, kuma ina roƙonki ki dage wajen ƙin ta ko da za a ce kin cika taurin kai.

Bari in fara da dalilin ƙirgar kanta, don mutane da yawa suna ɗauka cika takarda ce kawai. Idan motar 'yan kwana-kwana ta iso, tambayar farko da shugaban tawagar zai yi ita ce: akwai mutum a ciki? Da amsar da kuka ba shi zai yanke hukunci, ko ya yaƙi wutar daga waje, ko ya tura yaransa cikin hayaƙi. A watan Disamba na 1999, a garin Worcester na jihar Massachusetts a Amurka, wuta ta kama wani tsohon sito na sanyaya kaya. Aka faɗa wa 'yan kwana-kwana cewa mai yiwuwa akwai wasu mutum biyu marasa matsuguni a ciki. Suka shiga nema, shida daga cikinsu ba su fito da rai ba. Mutum biyun da ake nema kuwa sun riga sun bar ginin tun kafin motar ta zo. Ba na iya tsayawa a wurin taruwa da takarda a hannu ban tuna wannan ba. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ma ta sharɗanta cewa tsarin gaggawa na wurin aiki ya ƙunshi hanyar tabbatar da inda kowane ma'aikaci yake bayan an fice. Dokar ba ta ce da na'ura ko da takarda ba.

Na'urorin da ake tallarwa ba iri ɗaya ba ne, ki tambaya wacce aka kawo muku. Mafi yawa suna dogara da katin shaidar da kuke ɗorawa a ƙofa da safe. Irin wannan kati ba shi da batir, sai an kusantar da shi 'yan santimita da abin karantawa. Kwamfuta na rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, abin da ya saura shi ne jerin waɗanda take zaton suna ciki. Akwai wani katin da ake karantawa daga nesan 'yan mita, ba sai an taɓa ba, amma jikin mutum galibinsa ruwa ne, yana shanye siginar. Idan mutum arba'in suka dunƙule a ƙofa ɗaya, wasu katunan na aljihun baya, wasu na cikin jaka, za a tsallake wasu. Sai kuma alama mai batir da ke aika sigina da kanta ta Bluetooth ko makamancinsa zuwa ƙananan na'urori da aka liƙa a rufi. Wannan ce ke iya cewa wane yana hawa na uku, ɓangaren gabas, ko da yake takan rikita hawa da hawa idan ba a daidaita ta da kyau ba. In mai tallar ya ambaci GPS, ki sani siginar tauraron ɗan adam ba ta ratsa kankare da ƙarfe yadda ya kamata. Amfaninsa a wajen gini yake, kamar tabbatar da cewa mutum ya iso wurin taruwa.

Duk cikinsu abu ɗaya suke gani: katin. Na koyi wannan a wata masana'anta da na yi wa aiki shekaru da dama, watanni kaɗan bayan mun saka irin wannan tsari. Muka buga ƙararrawa ba sanarwa, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe. Cikin minti huɗu allon hannuna ya nuna kowa ya fito sai mutum huɗu. Na ji daɗi sosai, don a da mukan kai minti ashirin kamar ku. Biyu daga cikin huɗun suna tsaye a gabana, katinsu na rataye jikin rigar da suka bari a kan kujera. Na uku ya tafi asibiti tun ƙarfe tara, ya bi bayan abokinsa ya fita ƙofa bai ɗora kati ba. Na huɗu batirin alamarsa ya mutu. Wato dukansu huɗun babu wanda ke cikin ginin.

Ina cikin rubuta wannan sai ga wata baiwar Allah, mai zagaya hawa na biyu, ta fito riƙe da hannun wani mai gyaran lantarki. Ɗan kwangila ne, maigadi ya buɗe masa ƙofar kaya da safe don yana ɗauke da tsani, ba a ba shi kati ba. Ta same shi a ɗakin injina, toshiyar kunne a kunnensa, bai ji komai ba. A allona wannan mutumin bai taɓa shiga ginin ba. Da wutar gaske ce, da na kalli shugaban 'yan kwana-kwana na ba shi sunaye huɗu na mutanen da ba sa ciki, na yi shiru a kan mutum ɗaya da ke ciki. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kin ga kuskuren iri biyu ne. Na farko yana jefa ɗan kwana-kwana cikin wuta a banza. Na biyu yana barin mutum a ciki alhali kowa na waje ya sauke ajiyar zuciya. Takardar sunayenku ma tana yin dukansu biyun, na'urar dai ta fi ta sauri da tsabta. Abin da ke kama kuskure na biyu shi ne mai zagaya hawa, wanda ke leƙa banɗaki, ɗakin taro, sito da ɗakin injina yana kan hanyarsa ta fita, ya rufe ƙofa a bayansa, ya zo ya ce hawana babu kowa, ko ya ce ban samu shiga ɗaki kaza ba saboda hayaƙi. Shi ba ya tambayar suna. Baƙo, mai shara, yaron da ya zo wurin mahaifiyarsa, duk zai gan su. Kuma ba a taɓa buƙatar ya shiga inda wuta take, ko ya koma ciki bayan ya fito.

Akwai wani abu da masu talla kan wuce da sauri. A gini mai tsari, da ƙararrawa ta buga ƙofofin lantarki suna sakin kansu, kowa ya fice ba tare da ɗora kati ba. Haka ya kamata. Ma'anarsa kuwa ƙofa ba ta rubuta fitar kowa a daidai lokacin da ake buƙata, sai dai a sa abin karanta kati a wurin taruwa, nesa da ginin. Idan wani ya kawo shawarar a bar ƙofar juyi, wato mai barin mutum ɗaya-ɗaya ya wuce, a kulle don kowa ya ɗora kati kafin ya fita, ki ƙi nan take. A ranar 25 ga Maris 1911 ma'aikata 146, galibinsu 'yan mata, suka mutu a gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, kuma kullallun ƙofofi na cikin abin da ya hana su tsira. A 2012 an sake ganin irin wannan a masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi, inda fiye da mutum 250 suka rasu. Babu ƙirgar da ta kai a tsayar da mutum daƙiƙa ɗaya a bakin ƙofa.

Sannan ki tambayi mai tallar inda bayanan suke zaune. Idan kwamfutar da ke riƙe da jerin tana cikin ginin da ke ci, ko kuma wayarki na jiran intanet ɗin ofis, to lokacin da wuta ta cinye waya ko aka kashe lantarki, allonki zai mutu. Kada ki karɓi amsar baki. Ki ce ya zo ranar aiki, a kashe babban makunnin lantarki, a cire intanet, a buga ƙararrawa, ku gani tare. Ki ɓoye mutum biyu ba tare da kowa ya sani ba, ɗaya da kati, ɗaya babu. Ki ajiye katuna uku a kan tebur. Abin da allon ya nuna ranar nan shi ne abin da kuke saye.

Masu talla za su ba ki misali da mahaƙar ma'adinai da rijiyoyin mai na teku, kuma gaskiya ne a can tsarin yana aiki. Tun da daɗewa, masu haƙar kwal a Ingila suna da 'yan ƙarafa masu lamba, mutum ya miƙa ɗaya in zai sauka, ya miƙa ɗayan in ya hau, don a san adadin waɗanda ke ƙasa. Bayan haɗarin mahaƙar Sago a jihar West Virginia a Janairun 2006, inda mutum 12 suka rasu, Amurka ta yi doka a shekarar da ta wajabta na'urar bin sawun ma'aikata a mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa. Sai dai a can hanyar shiga ƙalilan ce, kuma ba a yi wa kowa alfarma. Ofishinku yana da ƙofar gaba, ƙofar kaya, ƙofar wurin ajiye motoci, da maigadi mai kirki da ke buɗe wa wanda hannunsa ke cike. Sai kun gyara wannan ɗabi'ar, kun ba kowane baƙo da ɗan kwangila kati, kun hana bin bayan juna a ƙofa, kafin jerin ya zama abin dogaro.

Ki kuma faɗa wa shugabanku labarin Rick Rescorla, shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a hasumiyar kudu ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York. Shekaru ya yi yana tilasta wa ma'aikata atisayen sauka ta matakala a kai a kai, har manya suna jin haushinsa. Ranar 11 ga Satumba 2001 kusan dukan ma'aikatan kamfanin, wajen 2,700, suka fita da rai. Shi ya koma neman waɗanda suka rage, ginin ya rushe yana ciki. Ƙafafun ma'aikatan sun riga sun san hanyar, kuma na'ura ba ta koya wa kowa wannan.

A taƙaice abin da za ki kai masa: a saka na'urar ta maye gurbin kiran suna, a bar masu zagaya hawa, kowane hawa mutum biyu saboda hutu da rashin lafiya, a kuma ajiye bugaggen jerin sunaye na ranar a wurin maigadi.

TAMBAYA: Malam, an raba mana alamar da ke nuna inda muke a cikin gini, an ce saboda gobara ne. Mu dai muna tsoron za a riƙa lissafa mintocin da muke yi a banɗaki da wurin hutawa. Wasu sun fara barin tasu a aljihun tebur. Daga wani ma'aikacin sito.

AMSA: Ɗan'uwa, tsoronku yana da tushe, domin na'urar tana iya yin abin da kuke zargi. Ina kuma so masu kamfanin su karanta jimlarka ta ƙarshe sau biyu. Ranar da aka fara hukunta ma'aikaci da bayanan alamar, alamomi za su koma aljihun tebur, kuma ranar gobara allon zai cika da mutanen da ba sa wurin.

Ku haɗu, ta ƙungiyarku ko wakilanku, ku nemi a rubuta muku abu huɗu: wa ke da ikon ganin bayanan, yaushe, kwana nawa ake ajiye su, da alkawarin ba za a yi amfani da su wajen ladabtarwa ko yanke albashi ba. Ana iya saita tsarin ya zama babu mai ganin wurin da kowa yake sai ƙararrawa ta buga. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta hana a tara bayani don wata manufa sannan a karkatar da shi zuwa wata da ba ta dace da ita ba, kuma ƙasashe da dama sun yi dokoki masu kama da ita, don haka ku duba ta ƙasarku. Kafin a gama wannan magana, don Allah ka faɗa wa abokan aikinka su ci gaba da rataya alamar. Wanda ya suma a bayan tarin kwali ba ya iya kiran kowa, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane a gobarar cikin gini.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ƙararrawa ta buga saura minti goma a tashi, na fita na wuce gida ban je wurin taruwa ba. Washegari aka ba ni takardar gargaɗi. Ai na fita, mene ne laifina? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, ka karɓi takardar. Kai ka san ka fita, su ba su sani ba. A allonsu sunanka yana cikin ginin, kuma da wutar gaske ce, akwai wanda zai ɗaura tukunyar iska a bayansa ya hau hawanku yana lalube a duhu yana kiran sunanka, kai kuma kana hanyar gida. Gobe da safe ka je wurin mai zagaya hawanku ka ba shi haƙuri, ka karɓi lambar wayarsa. In wata rana ka fita ta wata ƙofa daban, ko aka tare hanyar wurin taruwa, ka kira shi kafin ka kira kowa.