Amsar Kawu kan hoton Jimmy Carter

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Na ga hoton da autanmu ya turo, na wani saurayin Bature cikin kayan soja, yana tambaya wai da gaske Jimmy Carter ne, kuma wai da gaske manomin gyada ne ya mulki Amurka. Rubutu a waya yana ba ni wahala, bari in amsa da baki.

Shi ne, ɗana. Sojan ruwa ne tun kafin a san shi da siyasa. Ya gama makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn, 'yar garinsu, ƙawar ƙanwarsa. Jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa ya yi wa aiki, har aka zaɓe shi cikin masu koyon jirgi mai aiki da nukiliya. Da wani injin nukiliya ya lalace a Chalk River ta Kanada a ƙarshen 1952, yana cikin waɗanda aka tura su kwance shi, kowa daƙiƙa 90 yake yi a ciki ya fito saboda guba. Ka ga ai yaro ne da ake sa wa ran girma a gidan soja.

To, a 1953 mahaifinsa ya rasu. Nan ne ni labarin yake kama ni. Sai ya ajiye kaki, ya kwashi iyali ya koma Plains, wani ɗan ƙauye a jihar Jojiya da mutanensa ba su kai dubu ba, don ya riƙe gona da siton gyadar tsohon. Kuma bai shawarci matar ba! Shi da kansa ya amsa wannan laifin daga baya. Ita kuwa ta ga duniya, ta zauna har Hawaii, a ce ta dawo ƙauyen da ta baro? A hanyar komawa da ƙyar take yi masa magana. Matan gidan nan, na san kun ce ta yi daidai. Ni ma ban ga laifinta ba.

Da suka iso babu kuɗi, gadon ya tafi a rabo da bashin da aka yafe wa mutane. Gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka shiga haya. Shekarar farko aka yi fari, ribarsu ba ta kai dala 200 ba. Duk wanda ya taɓa awon gyada, irina, ya san wannan ciwon: ka ba manomi taki da iri bashi, ruwa ya ɗauke, ranar biya ya zo maka da haƙuri. Abin da ya tashi kasuwar, shi yana buhu da sikeli, ita mai fushin nan ta zauna kan littafin lissafi, har ta fi shi sanin inda riba take da inda kuɗi ke zurarewa. Suna sayar da iri da taki, suna sayen gyada a hannun manoma, sannu a hankali har da injin ɓare gyada.

Akwai kuma wani abu. A lokacin fararen garin sun kafa ƙungiyar hana baƙar fata cuɗanya da su, aka ce ya shiga, ya ƙi. Wasu suka daina ciniki da shi na ɗan lokaci. Ɗan kasuwa ya yarda ya rasa abokin ciniki kan gaskiya, wallahi ba kullum ake gani ba.

Siyasar kun san ta: gwamnan Jojiya a 1971, shugaban ƙasa 1977 zuwa 1981, ya zo Legas a 1978 zamanin Obasanjo na soja. Tsadar kaya da rikicin Iran suka kayar da shi, Reagan ya hau. Ya dawo gida ya tarar da kasuwar gyadar da ya damƙa amana tana da bashin sama da dala miliyan 1. Dole ya sayar.

Mu dai da kurkunu muka san shi. Ku yara ba ku gan ta ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce ke fitowa a ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, kuma da damina take kwantar da manomi. A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Najeriya. Cibiyar agajin da ya kafa, Cibiyar Carter, ta haɗa kai da Janar Gowon, aka bi ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa, a 2013 aka tabbatar ta ƙare a ƙasar nan.

'Ya'yansu 4, maza 3 da mace 1. Shekara 77 suna tare har ta rasu a Nuwamban 2023. Shi kuma ya bi ta ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, a gidan da suka gina tun farkon shekarun 1960, nan Plains ɗin da ta ƙi komawa. Kusa da ita aka binne shi.

Auta, in ka samu hotonsa cikin kayan gona ka turo mu gani. An kira magariba, sai anjima.