Kuɗin kilando na cinye mini albashi, in sayi babur ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Jambutu a Garwa, Arewacin Kamaru, ina aiki a wani shago kusa da babbar kasuwa, albashina sefa 60,000 a wata. Kullum ina biyan ɗan kilando, wato mai haya da babur, 200 zuwa, 200 dawowa. Yarana biyu kuma babur ke kai su makaranta ya ɗauko su, 600 a rana. Wata bai raba ba aljihu ya bushe. Haka kowa ke fama, ko ni ne ban iya lissafi ba? Kuma ya dace in ci bashi in sayi babur nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kai kaɗai ba ne. A Garwa da Marwa da Ngaundere ba mu da bas ɗin cikin gari da talaka zai dogara da shi, tasi kuma ba ta da yawa kamar a Yawunde ko Duwala. Saboda haka babur shi ne motar kowa: ma'aikaci, ɗan makaranta, mace mai zuwa awo, mai cefane. Motar Marwa ko jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde, mutum zai iya shekara bai shiga ba sai da dalili, kuma yana ganin kuɗin a dunƙule, ya shirya musu. Kilando kuwa sau biyu ne ko huɗu a rana, da 'yan canjin da ba wanda ke rubutawa.

Mu yi lissafin da alƙalumanka. Sefa 400 a kwana 26 na aiki, 10,400 ke nan. Na yara, 600 a kwana 20 na makaranta, 12,000. Jimla 22,400, fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinka, tun ba a zo kan haya da hatsi da magani ba. Wannan ya yi yawa ƙwarai, kuma abin yana damuna, domin 60,000 ɗin nan ita ce mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta ƙayyade a 2023 wa ma'aikatan kamfanoni da shaguna, ga shi hanya kaɗai ta kwashe wannan kaso.

Kada ka ga laifin ɗan kilando. Shekara da shekaru man Najeriya mai arha, wanda ake kira zuwa-zuwa ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, shi ya riƙe farashin hawa babur a Arewacin Kamaru. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwalbar ta yi tsada nan take. A gidan mai ma ba sauƙi: litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Da yawa daga cikin samarin nan kuma babur ɗin ba nasu ba ne. Ka duba shi da la'asar a mararraba, ya ɗaure fuska da ƙyalle saboda ƙura, yana ƙirga tsabar da ke hannunsa: sai ya cire kuɗin mai, ya ware na mai babur, abin da ya rage shi ne tuwon gidansa.

Batun bashi kuwa, shawarata kada ka ci yanzu. Lura da cewa kaso mafi girma na yara ne, ba naka ba. In ka sayi babur za ka kai su da safe, amma lokacin tashi kana shago, mai shago kuma ba zai sake ka kullum ba, dole dai a biya mai ɗauko su. Ga mai, ga baƙin mai da faci, ga takardun babur da inshora da lasin, ga fargabar ɓarayi. Ka ɗora biyan bashi a kan wannan, sai ka ga abin da ka tsira da shi bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi saurin kawo sauƙi shi ne ka nemi ɗan kilando guda, ɗan unguwa wanda aka san gidansu, ku yi jinga ta wata: ya kai ka tare da ajiye yaran in hanya ɗaya ce, ya ɗauko su in an tashi. Ɗan kilando na son kuɗin da ya tabbata, don haka yakan rage, kai kuma ka san hannun da ka damƙa wa 'ya'yanka. Sai dai don Allah kada neman rangwame ya sa a haɗa su da yaran maƙwabta a jera huɗu ko biyar a babur ɗaya, ƙarami a kan tanki. Kuɗin ɗori ya ninka abin da aka rage.

In har ranka na kan babur, ka bi ta adashe. A dogon hutun Yuli da Agusta ba ka biyan 12,000 ɗin yara. Ka fara zubi da ita tun kafin ta narke a cefane, ka ƙara da abin da jingar ta rage maka kowane wata. Ranar da ka kwashi adashen, ka sayi babur mai cikakkun takardu da sunanka, ko da na hannu ne, ka kai wa makanike ya duba injin kafin ka biya.