Amsa: Ƙanina ya daina shan maganin tarin fuka, tarin ya dawo

Assalamu alaikum, Malama. Kin tambaya ko ƙaninki, wanda ya ajiye magani bayan wata uku saboda ya ji sauƙi, zai iya komawa kan ragowar da ke gida tunda tarin ya dawo. Don Allah kada ya yi haka. Katse magani kafin wata shida su cika yana ba ƙwayoyin cutar damar bijire wa rifampicin da isoniazid, waɗanda su ne ginshiƙin maganin, kuma idan hakan ta faru, ragowar ba za su yi masa aiki ba.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko cibiyar tarin fuka mafi kusa, a gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, wadda ke nuna ko cutar ta daina jin rifampicin. Magani kyauta ne. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna huɗu na haɗiya, na wata shida, babu allura, ga waɗanda suka cancanta daga cikin masu tarin fukan da ya daina jin rifampicin.

Na san sanyin Jos, amma a riƙa buɗe tagogi, kuma a duba duk mutanen gidan, musamman yara ƙanana. Allah ya ba shi lafiya.