Amsa: Malama ta rubuta wa ɗana "naughty", me take nufi?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce malamar ɗanki ta rubuta naughty a takardar sakamakonsa kuma duk hankalinki ya tashi, to ki kwantar da hankalinki dan Allah. Naughty ƙiriniya ce kawai, rashin ji irin na yara, yaron da za a ce masa zauna sai ya miƙe, ya tsokani na kusa da shi, ya ɓoye wa malama alli ko ya dinga surutu ana darasi. Ba ta kai a ce yaro mugu ne ba, Turawa ma wani lokacin suna murmushi suke faɗa wa 'ya'yansu ita.

Asalinta daga naught ne wato babu komai, a ƙarni na 14 wanda ba shi da ko sisi ake kira haka, sannan aka dinga faɗa wa mugun mutum, a hankali ta yi sanyi ta koma kan yara.

Amma fa ki kula, in aka faɗa wa babba takan karkata zuwa batsa, kar ki taɓa ce wa abokin aikinki haka. Laifin babba a ofis misconduct ake cewa, irin wanda ake kai mutum gaban kwamiti har a iya korarsa.

Da ni ce ke zan je wajen malamar in tambaye ta takamaimai me yake yi. Nawa ma haka aka rubuta masa a aji 2, ashe ledar fiya wata yake hurawa ya fasa a bayan aji, da muka zauna da shi sati biyu ya daina.